Yadda na binne bututu a ƙasa don rage zafin ɗaki, daga awon farko zuwa cikar shekara

Sana'ata gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira esi, kuma shagona yana wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aikin esi ya ja baya a wajenmu, domin yawancin masu ita da janareta suke kunnawa, kuma man ya fi ƙarfin aljihu. Masu kemis da masu kiwon kaji suka riƙa tare ni da tambaya ɗaya: shin babu wata dabara ta rage zafi da ba ta shan mai? Neman amsar ne ya kai ni ga aikin sanyaya ɗaki da ƙasa. Yanzu abokan sana'a suna yawan kirana su ji yadda aka yi, shi ya sa na ga gara in rubuta komai a jere, don wanda zai shiga ya shiga da idonsa a buɗe.

Abin da ya fara ruɗa ni da na shiga bincike a waya shi ne abubuwa uku ne daban ake kira da suna guda, wato geothermal a Turance. Na farko zafin da ke fitowa daga can cikin ƙasa, irin wanda Kenya take samar da lantarki da shi a Olkaria, ko wanda yake ɗumama ruwan Wikki a Yankari ya tsaya kan digiri 31 rani da damina. Wannan aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni, babu ruwanmu da shi. Na biyu wata na'ura ce mai kwamfiresa da gas kamar esi, amma maimakon ta zubar da zafi a iska, sai ta zuba shi a ruwan da ke zagayawa cikin bututun roba da aka binne. A Suwidin da Amurka da Jamus masu sana'a irin tamu suna cin abinci da ita sosai, don can ɗumama gida ne babbar buƙata, sai a juya aikinta ta ɗauko zafin ƙasa ta shigar da shi gida, kuma na'urar takan ba da zafi ninki uku zuwa huɗu na wutar da ta ci. Na uku shi ne mafi sauƙi: a binne bututu mai faɗi, fanka ta tura iska ta ciki, ƙasa ta tsotse zafinta kafin ta shiga ɗaki. Babu gas, babu kwamfiresa. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san tushen abin, da bazara ruwan yana da sanyi, da asubar hunturu kuma yana da ɗumi, alhali ba ruwan ne ya canza ba, iskar waje ce take hawa da sauka.

Kafin in taɓa kuɗin kowa na shiga mota zuwa Dutse, wajen wani malamin injiniya da wani tsohon maigidana ya haɗa ni da shi. Na tarar yana aji, na zauna a inuwa har ya fito. Da na zayyana masa abin da nake so, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, ka auna ƙasar taku?" Na ce ban auna ba, Injiniya. Ya ce to babu maganar da za mu yi sai na auna. Ya yi mini bayanin cewa daga zurfin mita 3 zuwa ƙasa, zafin ƙasa yana tsayawa ne kusa da matsakaicin zafin garin na shekara. A Turai wannan yana wajen digiri 10, shi ya sa abin yake yi musu kamar firiji. A Kano da Jigawa matsakaicin yana wajen digiri 26 zuwa 27, kuma filin da rana take duka ba inuwa yakan ɗara haka. Ma'ana, iskar da za ta fito daga bututuna ba za ta taɓa yin sanyin esi ba. Gaskiya jikina ya yi sanyi a wurin, don na zo da dogon buri. Amma ya ƙara da cewa a watan Afrilu, lokacin da waje yake haura digiri 40, ragin digiri 10 ba ƙaramin abu ba ne ga magani ko ga ɗan tsako. Ya kuma ja mini kunne kada in haɗa wannan da tukunya cikin tukunya ta Malam Mohammed Bah Abba, wadda ta ci kyautar Rolex a 2000. Waccan tana sanyaya kayan miya ne ta hanyar bushewar ruwan da ke cikin yashi, tamu kuwa ba ta shan ruwa ko kaɗan.

Na dawo gida na sayi ma'aunin zafi mai doguwar waya, irin wanda muke sa wa ɗakin sanyi. Na kira wani mai haƙar rijiya ya haƙa mini rami siriri a bayan shago, muka binne kan wayar a mita 1, wani a mita 2, wani a mita 3, muka mayar da ƙasa muka daddanna. Sai an bar ramin ya kwana biyu kafin awon ya zama gaskiya, don ƙasar da aka tono ta sha rana. Duk bazarar 2024 ina rubutawa a littafi, da asuba da kuma bayan Azahar. Na mita 1 yana motsi da yanayi, yana haura 32. Na mita 3 kuwa ya kafe a wajen 29, ko rana ta yi yaya. Wannan littafin shi ne ya zama jarina, domin duk wanda na nuna wa ya daina yi mini kallon mai tatsuniya.

Daga nan na shiga maganar takardu, saboda na lura mai kuɗi ba ya son tura kuɗin aiki mai yawa a asusun mutum na kansa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ta intanet ake yi. Na je wajen wani matashi mai shagon kwamfuta a cikin gari, ya buƙaci lambar NIN, hoton fasfo, sa hannuna a farar takarda, adireshin shago, lambar waya da imel, sai sunaye biyu da nake so. Sunan farko ya yi kama da na wani da ya riga ni, na biyun ya wuce. Ku kula da wajen da ake rubuta irin kasuwancin. Na sa ya rubuta har da aikin famfo da harkar iska a gini, ba gyaran firiji kaɗai ba, don kada gobe wata ma'aikata ta ce takardata ba ta ƙunshi aikin ba. Kuɗi iri biyu ne, na hukuma wanda ake biya ta intanet a ba ka rasit, da ladan mai kwamfuta wanda ciniki ne tsakaninku, ku raba su tun farko. Satifiket ya fito, na buga shi a takarda mai kauri, na haɗa da lambar haraji ta TIN da BVN na kai banki. Buɗe asusun ya fi rajistar cin lokaci, don sai da suka turo wanda ya zo ya ga shagon da idonsa.

Wanda ya fara yarda da ni wani Alhaji ne mai kemis a bakin kasuwarmu, yana da sito a bayan shago inda yake tara katon-katon na magani. Rufin kwano ne ba silin, da rana ba ka iya minti biyar a ciki. Galibin kwalayen an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, shi kuwa ma'aunina ya nuna masa 41 a sitonsa. Na ce masa, "Alhaji, ba zan yi maka alkawarin sanyi ba. Zan rage maka zafi, kuma sai ka yarda a sa silin, in ba haka ba kuɗinka ne zai tafi a banza." Ya ce, "To nawa zai sauka?" Na ce ina sa ran 32 zuwa 33 a ranar da ta fi kowace zafi, kuma allurai da insulin suna nan a firijinsu na digiri 2 zuwa 8, wannan aikin bai shafe su ba. Muka rubuta haka a takarda, da adadin bututu, da zurfin rami, da yadda za a biya kashi uku, da wanda zai ɗauki nauyi in an ci karo da dutse. Ƙaninsa da limamin unguwa suka sa hannu a matsayin shaidu.

Filin da za a haƙa yana bayan sito, amma ƙarshensa ya taɓa wani lungu da jama'a suke bi da dabbobi. Don haka muka je gaida mai unguwa, shi kuma ya ɗauke mu zuwa wajen dagaci. Na durƙusa na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, rami za mu haƙa mai zurfin gaba biyu, tsawonsa taku talatin da wani abu, za mu binne bututu mu mayar da ƙasa." Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko masai ne. Na ce iska ce kawai za ta bi ta ciki. Ya tambayi nisansa da rijiyar maƙwabta da kuma katangarsu, ya sa aka kira maƙwabcin aka tambaye shi a gaban kowa. Sharaɗinsa biyu ne: a killace ramin da dare saboda yara da awaki, kuma a gama kafin ruwan farko. Ya kuma ba da shawarar mu sanar da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma tunda an taɓa hanya. Na rubuta wasiƙa na haɗa da zanen wurin da hoton takardar filin Alhaji. Ranar da na kai jami'in ya fita duba aiki, da na koma na same shi, ya biyo ni ya duba ko akwai bututun ruwa ko wayar wuta a wurin, ya sa hannu a kwafina. Wannan kwafin ku riƙe shi da kyau.

Sayayya a Kano na yi ta. Bututu a kasuwar Ƙofar Ruwa, fanka da kayan sola a Sabon Gari. Na ɗauki bututun roba mai inci 6, mai kauri, wanda zai yi layi huɗu kowanne mita 30. Masu shago za su nuna maka mara kauri su ce duk ɗaya ne, amma ƙasar mita 3 tana da nauyi, mara kauri lotsewa yake yi. Na taka kowanne da ƙafa kafin a loda. Dalilin layi huɗu maimakon babba guda shi ne iskar tana buƙatar ta goga jikin bututu a hankali, in ta yi gudu da yawa za ta fito da zafinta. Na haɗa da gwiwoyi, gam, ragar ƙarfe mai ƙananan ido, da fanka mai cin wat 100 da ɗoriya, da faranti guda na sola da ƙaramin batir. Esi mai doki ɗaya tana cin ninkin wannan sau bakwai ko fiye. Kuɗin mota daga Kano ta Wudil ya ba ni mamaki, saboda bututu ba nauyi gare shi ba amma yana cin wuri, don haka ku sa shi a lissafi tun farko. Gaba ɗaya aikin, har da silin, ya tasam ma naira miliyan ɗaya a farkon 2025. Bututu ya ci kaso mafi tsoka, haƙa ta biyo baya, sannan sola da fanka.

Haƙar ita ce inda hankalina ya fi tashi, kuma nan nake so a saurare ni da kyau. Masu haƙar rijiya na ɗauka, ba leburorin gini ba, don su suka san halin ƙasa. Mita ɗaya ta farko jar ƙasa ce mai laushi, diga tana shiga kamar wasa. Daga nan aka tarar da marmara, saurin aiki ya koma rabi, shugabansu ya zo ya ce, "Maigida, wannan ba kuɗin da muka yi ba ne." Da yake takardarmu da Alhaji ta yi maganar dutse, aka ƙara musu ba tare da rigima ba. Marmara tana da wuya amma tana riƙe bango. Abin tsoro shi ne wajen ƙarshen ramin, inda muka shiga wani yashi-yashi. Ina tsaye sai na ga bakin ramin yana zubo da ƙasa kaɗan-kaɗan, siririn tsagi ya bayyana a gefe kamar zare. Tsohon cikinsu ya daka tsawa kowa ya fito, ba a jima ba gefen ya zube inda mutum biyu suke tsaye ɗazu. Daga ranar muka faɗaɗa bakin ramin ya zama mataki-mataki, muka tokare da katako, muka riƙa zuba ƙasar da aka tono nesa da baki, kuma tsani ba ya barin ciki. Rami mai zurfin mita 3 yana kashe mutum, kuma ba ya ba da dogon gargaɗi. Ƙasarmu ta Birnin Kudu da Dutse da Gwaram ta kan dutse ce, amma wanda zai yi aikin a wajen Gumel ko Haɗeja zai tarar da yashi mai zurfi, a fadama kuma ruwa yana kusa, lissafinsa daban ne.

Shimfiɗa bututun aikina ne da yarana biyu. Mun bar tazarar kusan mita ɗaya tsakanin layi da layi don kada su dafa wa juna ƙasa. Mun yi wa ramin gangara kaɗan zuwa gefe guda, muka gina ɗan ƙaramin rami na bulo da murfi a can, inda duk ruwan da ya taru a bututu zai gangaro a kwashe. Kowace mahaɗa mun goge ta mun shafa gam sosai, saboda saiwa da gara da ruwan damina, da kuma wata iska mai cutarwa da ake kira radon wadda takan fito daga ƙasar dutse. Kafin a mayar da ƙasa na toshe bakin kowane layi na hura hayaƙi a ciki, na bi ina dubawa. Ƙasa mai laushi muka fara zubawa muna yayyafa ruwa muna dannawa, don in akwai kogo a jikin bututu zafi ba ya wucewa. Bakin shan iska mun ɗaga shi ya kai ƙirjin mutum, a inuwar darbejiya, nesa da masai da wurin janareta, da hula da raga saboda ɓera da kunama. Bakin fitowa yana ƙasa-ƙasa a bangon sito, muka buɗe wata kafa a sama ta ɗaya gefen don iska mai zafi ta fice.

Ranar da muka kunna, iskar ba ta burge kowa ba, har na ga fuskar Alhaji ta canza. Na roƙe shi haƙuri, don ƙasar da aka mayar ta sha rana a waje, sai ta huce. Bayan makonni kaɗan, a tsakiyar Afrilu, waje yana 42, bakin bututu yana ba da 31, tsakiyar sito yana 33. Ba mu kai ƙasa da 30 ba a irin waɗannan ranaku, kuma dama ban ce za mu kai ba. Alhaji ya tsaya a ciki ya daɗe, ya ce, "Malam, yau ga shi ina ƙirga kaya ban jiƙe ba." Wani abu da na lura da shi, in fanka ta yi ta aiki dare da rana, iskar tana ƙara ɗumi a hankali, don ƙasar da ke jikin bututu tana ƙoshi da zafi. Sai muka koma kunnawa daga hantsi zuwa Magariba, da dare a bar ƙasa ta huta. Hakan ya zo daidai da sola, batir ma bai wahala.

Damina ta zo da nata. A Agusta waje ba ya da zafi sosai, iskar kuma tana da laima, amfanin bututun ya ragu ƙwarai, har wani wari-wari na fumfuna ya so ya fara. Muka kwashe ruwan ramin, muka ja tsumma da igiyar da na bari a cikin kowane layi tun ranar shimfiɗawa, muka kashe fanka sai ranar da rana ta buɗe. Wannan igiyar kada wanda ya manta da ita. Da hunturu kuma abin ya juya. Da asuba waje yana sauka wajen 13 ko 14, bututu yana ba da iska mai ɗumi sama da 24. Magani ba ya buƙatar wannan, amma wani mai kiwon kaji da ya zo ya sa hannu a bakin bututun ya ce wannan zai rage masa gawayi. 'Yan tsaki suna son digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko, don haka ba zai daina hura wuta ba, sai dai ɗaga ɗaki daga 24 ya fi ɗaga shi daga 14 sauƙi. Shi ne ya ba ni aiki na biyu.

Ga abokan sana'a, a ganina kasuwar tana nan amma ba ta kowa da kowa ba ce. Ƙaramin ɗaki mai silin da fili a gefensa shi ne namu: siton magani, ɗakin 'yan tsaki, wurin ajiye iri, ɗakin kwanan dattijo da ba ya jure zafi. Babban gidan kaji mai dubbai ya fi ƙarfin wannan, iskar da suke buƙata ta yi yawa, na kuma faɗa wa mutum biyu haka na bar kuɗinsu. Gidan cikin gari da babu filin haƙa ma a bar shi. Ribar aikin farko ba ta taka kara ta karya ba, amma akwai kuɗin dubawa kafin damina da bayanta, akwai silin, akwai sola, kuma duk wanda ka yi wa shi zai kawo maka firijinsa. Lokacin haƙa daga Disamba ne zuwa Maris, wanda dama shi ne lokacin da aikin esi yake kwance, masu haƙa kuma sun gama aikin gona.

Inda nake ganin kuɗi na gaba shi ne haɗa wannan ilimin da kwamfiresa. Duk mai gyara ya san yadda injin ɗakin sanyi yake wahala a Afrilu, yana zubar da zafi cikin iska mai digiri 42, yana cin wuta yana yankewa. In ruwan rijiyar burtsatse mai digiri 28 ko 29 ne yake ɗauke masa zafin, matsin gas zai sauka, cin wuta ya ragu, ruwan kuma ya wuce tanki ko lambu. Na zaga Sabon Gari ban samu na'urar da aka ƙera don haka ba, amma kwandensa, wato ɓangaren injin da ke zubar da zafi, mai aiki da ruwa ba baƙon abu ba ne a wajen masu ƙanƙara. Na riga na yi magana da wani mai sayar da kifi a hanyar Kano wanda yake da burtsatse a bayan shago. Ma'aunina yana cikin ruwansa tun watan jiya, kuma na kai samfurin ruwan a duba yawan gishiri da ma'adinan da ke ciki, don ruwa mai yawan ma'adinai yana toshe bututun tagulla. Sai sakamakon ya fito za mu zauna maganar kuɗi.